Yadda Ake Ɗaure Murfin Tayimin Don Mai Mota Ta Riƙa Dawowa

Idan kai bakanike ne, kuma akwai mai motar da kake so ka riƙa gani amma bakinka ya ƙi buɗuwa, ajiye sifana ka saurara. Hanyar da zan koya maka an gwada ta a nan Minna, a garejin Ƙetaren Gwari, kuma ta yi aiki ɗari bisa ɗari. Na ba ka tabbaci za ta dawo. Za ta dawo ana rana, za ta dawo ana ruwa, za ta yi ta dawowa har masu facin taya na maƙwabtanka su fara gaishe ta da suna. Ba ka buƙatar turare, ba ka buƙatar iya zance. Abin da kake buƙata zoben roba ne guda ɗaya, wanda faɗinsa bai wuce bakin kofin shayi ba.

Mai wannan fasaha sunansa Zikrullahi, Banufe ne ɗan Bida, ya ba arba'in baya, matarsa ta rasu da daɗewa. A wajen inji ba shi da na biyu a layinsu. Yana jin tarin mota daga nesa ya faɗa maka abin da ke damunta. Amma in mace ta tsaya a gabansa, duk Hausarsa da Nufancinsa sai su taru su zama jimla biyu: "Sannu, Malama" da "Allah ya kiyaye hanya." Da labarinsa za mu yi darasin, don haka buɗe kunnenka.

MATAKI NA ƊAYA: SAN ABOKIN AIKINKA

A goshin inji akwai murfi da ke rufe sarƙar tayimin. A jikin murfin akwai rami, ta nan hancin karanshaf yake leƙowa, wato babban ƙarfen nan da ke juyawa in an tayar da mota. A kan hancin ake sa fuli mai jan bel. Tsakanin ramin da wuyan fulin ne zoben robar yake zaune, shi ake kira sil, kuma aikinsa ɗaya ne a duniya: ya hana baƙin mai fita.

Sil ba shi da fitina, sharaɗinsa guda ne. Yana so ƙarfen ya ratsa ta tsakiyarsa daidai. In murfin ya goce ko da kaurin farce ne, gefe ɗaya na robar zai matsu ya cinye, ɗaya gefen ya saki, mai ya samu hanya. Wasu injuna suna da 'yan turaku da ke tsayar da murfin a wurinsa. Nemi motar da ba ta da su. Irin wannan, masu tsoron Allah ba sa ɗaure murfinta sai fuli ya shiga ya daidaita shi. Riƙe wannan da kyau, don shi ne abin da ba za ka yi ba.

MATAKI NA BIYU: BARI KUSKUREN FARKO YA ZO DA KANSA

Kada ka fara da mugun nufi. Mugun nufi yana nunawa a fuska, kuma mata suna karanta fuska fiye da yadda kake karanta geji.

Ranar da Malama Husna ta fara kawo motarta, Zikrullahi bai ƙulla komai ba. Malamar firamare ce a Bosso, mijinta ya rasu ya bar mata tsohuwar mota mai ruwan toka, sarƙar tayimin ɗinta tana ƙara kamar ana jan bokiti a rijiya. Ya sauke murfi, ya canza sarƙa, ya sa sabon sil, ya shafa gam ya mayar da murfin. Ita kuma tana zaune a benci ƙarƙashin mangwaro tana ɓare lemo. Can sai ta ɗago ta tambaye shi ko shi ɗan Bida ne, ta kuma gaishe shi da Nufancin da ta tsinta a bakin ɗalibanta, duk ta karya shi.

Zikrullahi ya amsa gaisuwar, amma hannunsa bai tsaya ba. Kafin hankalinsa ya dawo, ya ɗaure ƙusoshin murfin gaba ɗaya, tam, fuli kuwa yana ƙasa a kan tsumma yana kallonsa. Da ya zo sa fulin ya ji yana cijewa ta gefe guda, nan take ya gane abin da ya yi. Gyaran bai fi a sassauta a sake ba. Sai dai tana kallonsa, kuma kunya ta hana shi kwance aikinsa a gabanta. Ya tura fulin da ƙarfi, ya rufe bonet, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Lura: har zuwa nan kai ba mai laifi ba ne. Mutum ne kai wanda aka gaisar.

MATAKI NA UKU: IN TA DAWO, KADA KA YI MURNA A FILI

Ba a daɗe ba sai ta dawo, ta ce tana ganin baƙin ɗigo a inda take ajiye motar. Ɗaure fuska. Tsuguna. Taɓa man da yatsa, ka murza, ka shinshina, ka dubi sama. Wannan duban saman yana da muhimmanci, shi ne bambancin ƙwararre da ɗan koyo.

Zikrullahi ya yi duk wannan, kuma a ransa ya yi niyyar sauke murfin ya gyara kuskurensa. Har ya ɗauko sifana. Sai ya hango ta ta koma bencin nan, ta cire takalmi ɗaya, tana fifita da gefen mayafi, kamar wadda ta saba da wurin. Wani tunani ya zo masa wanda bai taɓa zuwa masa ba tun da ya fara kanikanci: in ya gyara yau, shi ke nan. Mota za ta yi lafiya, bencin ya koma na direbobin tipa.

Ya mayar da sifanar. Ya cire fuli, ya zare tsohon sil, ya buga sabo, bai taɓa murfin ba. Nan fasahar take, ka rubuta ta a zuciyarka. Sabon sil a karkataccen murfi yana riƙe mai na ɗan lokaci, har mai mota ta yi maka addu'a, sannan ya cinye ta gefen da na farko ya cinye. Ba sai ka sake aikata komai ba. Laifi ɗaya ka yi, shi zai ci gaba da yi maka aiki.

MATAKI NA HUƊU: AUNA ƊIGON

Ɗigo in ya yi yawa inji zai buga, ka zama azzalumi. In ya yi kaɗan ba za ta lura ba, ka zama wanda ya yi zunubi a banza. Nemi tsaka-tsaki.

Duk zuwan da ta yi, zaro geji ka duba, ka cika man da ya ragu daga naka galan. Kada ka karɓi komai a hannunta. Zikrullahi ya riƙe wannan ƙa'ida sosai, kuma da ita yake kwantar wa kansa hankali in ya idar da salla. Yakan ce a ransa, wa aka cuta? Man nasa ne, robar tasa ce, gumin nasa ne. Wannan hujja tana da ƙarfi ƙwarai matuƙar ba ka faɗa wa kowa ita ba.

MATAKI NA BIYAR: NEMO MAI LAIFI

Dole ta tambaya me ya sa abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Kada ka daburce, Minna cike take da masu laifi. Akwai robar zamani, wadda ba ta kai ta da ba. Akwai zafin garin nan, wanda ke narkar da kwalta balle roba. Akwai ramukan hanya, akwai 'yan keke da ke sa mutum taka birki ba shiri. Juya su ɗaya bayan ɗaya, kada ka maimaita guda sau biyu a jere.

In duk sun ƙare, ka ce tsufa ne. Amma ka yi hattara da wannan. Ranar da Zikrullahi ya ce mata, "Malama, motan ya tsufa ne," bai ga ta yi dariya ba. Ta shafa ƙofar motar, ta ce a cikinta marigayi ya koya mata tuƙi a filin makaranta, kuma ita kaɗai ce abin da ya bari wanda har yanzu yake motsi. Shawarata a irin wannan lokaci ita ce ka tashi ka kunna injin walda ko wani abu mai ƙara.

MATAKI NA SHIDA: CI MORIYAR LOKACIN

Ka tuna dalilin duk wannan wahala: kana so ka yi magana. To, yi.

Zikrullahi ya shirya. Ya sa an yi wa benci fenti. Ya fara aje zoɓo mai sanyi a kula. Ya sayi sabuwar rigar aiki, ya riƙa wanke hannu da omo har fatarsa ta fara saɓulewa. Kowace safiya a kan babur daga unguwarsu Kpakungu yana jera kalmomin da zai faɗa, suna fitowa sumul. Da ta zauna ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana yi mata bayanin bambancin man inji mai kauri da marar kauri. Damina ta shiga ta fita, Malama Husna ta san baƙin mai fiye da wasu masu sayar da shi, amma ba ta ji kalma ɗaya daga abin da ke ransa ba.

Ita kuwa tana hira. Ta ba shi labarin kwalin da take yawo da shi a but don shimfiɗawa ƙarƙashin mota a makaranta. Ta ce 'yan ajinta sun raɗa wa motar suna Mai Fitsarin Kwance, har hedimasta ya ji ya yi dariya. Ta ce yayanta Ubaidullahi, wanda take zaune a gidansa, ya shimfiɗa sabon daɓen bulo na intalok a tsakar gida, kuma kullum sai sun yi da shi a kan tabon mai. Yana ta matsa mata ta canza bakanike ko ta sayar da motar.

"Na ce masa a'a," in ji ta. "Na ce Yaya, Malam Zikrullahi mutum ne mai amana. In ya kasa, to babu mai iyawa."

Lokacin yana kwance ƙarƙashin motar. Ya daɗe a can bai fito ba, alhali babu abin da yake kwancewa.

MATAKI NA BAKWAI: TURA MANYA

In bakinka ya tabbata ba zai yi ba, ari na wani. Zikrullahi ya je wajen Alfa Nma, limamin masallacin gareji, wanda ya san mahaifinsa tun a Bida. Ya yi ta kewaye-kewaye har dattijon ya gaji ya ce masa, wace ce, kuma gidan wa take? Zikrullahi bai faɗa masa zancen murfi ba. Kai ma kada ka faɗa. Ɗan aike yana tafiya da sauri in kayansa ba su da nauyi.

Alfa Nma ya sa babbar riga ya tafi Bosso. Ubaidullahi ya karɓe shi da mutunci, aka kawo ruwa, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Da aka zo kan maganar aure, Ubaidullahi ya ce ai ba a ba da mace sai an yi bincike, kuma shi ya riga ya fara nasa tun kafin a zo, saboda wani dalili na dabam. Ya kama hannun Alfa ya fito da shi tsakar gida, ya nuna masa intalok. Tabon ya yi faɗin tabarma, baƙi ƙirin, an goge da toka an goge da kalanzir ya ƙi fita.

Ya ce ya shiga Ƙetaren Gwari da ƙafarsa, ya tambayi masu fenti, ya tambayi masu waya, ya tambayi masu sayar da kayan gyara. Kowa ya shaida masa cewa motar da Zikrullahi ya taɓa ba ta dawowa da ciwon da ta zo da shi. Ko guda ba a taɓa gani ba, sai ta ƙanwarsa.

"To, Alfa, ɗayan biyu ne. Ko mutanen gareji duk maƙaryata ne, ko kuwa mutuminka ne. Gobe za ta kai masa motar. In ya gyara, mun san amsa. In bai gyara ba, nan ma mun san amsa."

Alfa Nma ya dawo ya isar da saƙon kalma da kalma, sannan ya tsaya yana duban Zikrullahi ta saman tabarau. Bai tambaye shi komai ba, ya ce dai lokacin la'asar ya yi.

MATAKI NA TAKWAS: ZAƁI RASHIN IYAWA

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, kuma a nan ne nake so ka bi ni, kada ka bi Zikrullahi.

An ba ka zaɓi tsakanin ka zama wanda bai iya ba da ka zama wanda ya yi ha'inci. Ɗauki na farko da hannu biyu. Surukai suna iya zama da wanda bai iya aiki ba, gari cike yake da su, har tausayinsu ake ji. Abin da za ka yi mai sauƙi ne. Buɗe bonet, girgiza kai, ka ce inji ya gaji, hancin karanshaf ya cinye, babu sauran magani sai sayarwa. Dama Ubaidullahi yana da mai saye a hannu, wani mutumin Wushishi da ke neman motar ɗaukar doya. Mota ta tafi, shaida ta tafi da ita, kai kuma ka saura da sunan mutumin kirki wanda ya yi iya ƙoƙarinsa.

Zikrullahi ya san wannan duka. Ya ma shirya girgiza kan. Da safe sai ga ta, ta wanke motar fes. Da ya leƙa ciki ya ga ta kwashe komai: babu kwalin, babu dardumar da ke kujerar baya, babu carbin marigayi da ke rataye a madubi tun ranar da ya fara ganin motar. Ba ta je benci ba. Ta tsaya a gefensa, idonta ya yi ja.

"Malam Zikrullahi, Yaya bai gaya mini abin da suka yi da Alfa ba, ya ce dai in kawo ta yau. Ka faɗa mini gaskiya. In ta mutu ne, in haƙura. Na riga na kwashe kayana."

Ga ƙofa a buɗe, ita da kanta ta buɗe masa. Kalma ɗaya ta rage.

Bai faɗe ta ba. Ya ɗauko sifana. Ya sauke bel, ya cire fuli, ya kwance ƙusoshin da ya ɗaure tun ranar lemon nan, ya sauke murfin. Ya kankare tsohon gam, ya wanke da fetur, ya buga sabon sil, ya shafa wa leɓensa mai da ɗan yatsa. Ya mayar da murfin, ya sa ƙusoshin da hannu kawai, sako-sako, yadda in ka taɓa murfin zai motsa. Sannan ya ɗauko fulin ya zura shi a hankali. Murfin ya ɗan matsa da kansa, motsin da in ka ƙifta ido ba za ka gani ba, ya zauna. Sai a lokacin ya ɗaure, wannan gefe sannan wancan, kaɗan-kaɗan, har suka kama.

Ya tayar da mota, ya shimfiɗa farar takarda a ƙasa, suka tsaya. Inji ya yi zafi, fanka ta tashi ta tsaya ta sake tashi. Takarda tana nan fara.

Malama Husna ta koyar da yara shekara da shekaru, ta san fuskar wanda ya san amsa tun farko ya ƙi faɗa.

"Dama abin ke nan?"

"Shi ke nan, Malama."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranan farko."

Ta tambaye shi dalili. A nan ne, bayan duk wannan lokaci, bakin Zikrullahi ya buɗe. Ya faɗa mata komai, da bencin, da zoɓon, da kalmomin da yake jerawa a kan babur. Ya yi magana mai kyau, wadda ko shi bai san yana da ita ba. Ta saurara har ya gama, ba ta katse shi ba.

"Na yi kuka a kan motar nan," ta ce. "Na yi faɗa da yayana saboda kai. Da magana ce da kai, ai hanyar gidanmu ba ta ɓace ba. Ko ta ɓace, da ka bi ɗigon."

Ta shiga mota. Ya buɗe baki zai ce Allah ya kiyaye hanya, ta riga ta ja gilashi.

MATAKI NA TARA: JIRA

Wannan matakin ba ya buƙatar kayan aiki.

Amsa ta zo ta bakin Alfa Nma. Ya ce da Ubaidullahi ya ji yadda aka yi, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce mutumin da zai yi ta zuba mansa a ƙasa saboda mace ai ba za ta yi yunwa a gidansa ba, shi ya yafe intalok, a ci gaba da magana. Malama Husna ce ta ce a'a. Ta ce a gode masa da gyara, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Zikrullahi ya yi baƙin ciki irin wanda ba a ɓoyewa, har layin gaba ɗaya suka daina tsokanarsa. Yana nan yana aiki. Wani lokaci in ya je sayen kaya ta hanyar Bosso yakan ji ƙarar injin tun kafin ya ga motar, sumul, babu tari babu gyatsa. Yakan tsayar da babur a gefen titi har ta wuce. Carbin ya koma madubi.

GARGAƊI

Mai wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, ko tabon intalok, ko fushin yaya, ko kallon da liman zai yi maka ta saman tabarau. Alkawarin da aka yi maka shi ne za ta riƙa dawowa, kuma ta dawo. Ba a ce maka har abada ba. Wanda ya bi matakan nan ya rasa mai mota, kada ya neme ni. Wanda ya tsaya a na takwas ya yi ƙaryar da na ba shi shawara ya samu abin da yake so, shi ma kada ya neme ni, ya nemi gafara.

Masu tambaya a kan lafiyar motar kuma, su kwantar da hankalinsu. Zikrullahi ya yi aikin da kyau ƙwarai. Irin gyaran nan ne da ba a sake kawowa.